Likita ya ce mu koma da Baba gida, shi kuma ya bar magana ya bar sallah, mi za mu yi?

Ɗan Kabawa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ina rubutawa ina gogewa.

Mahaifina ne ba lahiya. Shekarunshi 67, manomin shinkafa ne nan Argungu, tun tasowarmu cikin fadama munka san shi, da ƙuruciya kuma kamun kifi ya yi. Abin ya faro ne da fitsarin jini, shi kuma bai ɗauke shi bakin komi ba don ya ce tun suna yara duk wanda ke wanka gulbi sai ya yi tsargiya. Sai da fitsarin ya fara tsayawa yana fita da gudajin jini sannan munka kai shi Birnin Kebbi, daga can anka tura mu Sakkwato, anka yi hoto anka ɗebi nama anka auna, sakamako ya fito ciwon daji ne na mafitsara. Wata takwas muna bisa hanya. An yi mai ƙarin jini leda shida, an sa mai robar fitsari. Zuwanmu na ƙarshe likita ya kira ni da Yayanmu waje ya ce ciwon ya bazu har ya taɓa ƙashi, aiki ba zai yi amfani ba, kemo kuma, wato maganin daji mai ƙarfi, jikin ba zai ɗauka ba, mu koma gida mu kula da shi. Wlh da mutunci ya yi muna bayani, ba ni da ƙorafi kanshi.

Tun cikin mota Yaya ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya ma Baba. Anka ce mai hutu ne likita ya ba shi, in ya yi ƙarfi a koma. Inna ma haka ta sani.

Yau sati uku da dawowarmu. Mutumin da shi ke buɗe masallacin unguwarmu da asuba, yanzu ko Inna ta kawo buta sai ya ce a ɗauke. Ya juya fuska bango. Da dare ina jin shi yana cizon zane don kada mu ji nishinshi, paracetamol da wata ƙwaya da munka sawo kemis ba su yi mai komi. Masu dubiya su cika ɗaki kowa haƙuri Malam, ciwo kankarar zunubi ne, shi ko amin bai cewa. Shekaranjiya cikin dare na ji ya ce, ni mi na yi ma Allah. Wlh tun sannan ban yi barcin kirki ba, don ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba, kowa zai tai, tsorona ya tai cikin wanga hali.

Ga kuma Yaya yana son a sai da gonar fadama guda a kai shi wurin wani mai magani ƙetaren iyaka wanda ya ce sammu ne.

Mu gaya mai gaskiya ko mu yi shiru? Kuma ya ake yi da zuciyar mutum in ta kai nan? Wanda ya taɓa jinya irin wagga ya taimaka min.

Ummu Sadiƙ:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Baba lpy, ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya ba ku ladan jinya. Ba ni da ilimin abin amma na sa ku addu'a.

Sista Mai Aikin Dare:

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da jinya. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin maza, irin Baba na ga su da yawa musamman mutanen bakin gulbi, don tsargiyar nan da ake rainawa in ta shekara da shekaru tana cin bangon mafitsara ba a sha magani ba, tana iya komawa wannan ciwon. Masu yaran da ke fitsarin jini ku kai su asibiti a ba su praziquantel, ƙwaya ce kawai. Wannan a gefe.

Ka fara da ciwon jikin tukuna. Mutumin da ƙashinsa ke yi masa kamar ana sara da gatari ba ya jin nasiha ko wa zai yi ta, kuma paracetamol shi kaɗai ba ya kai wa ciwon dajin da ya shiga ƙashi. Ka koma wurin likitan da katinsa, ka gaya masa yadda dare ke kasancewa ba ragi, ka ce a haɗa ku da masu kula da waɗanda ciwonsu ba ya warkewa, mu ma'aikata paliyetib muke ce wa aikin, ka tambayi mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, na ruwa wanda ake sha da baki. Ana ba da shi ne bisa agogo, duk awa 4, ba a jira sai ciwo ya taso. Kwana biyu ukun farko zai riƙa yawan barci, wani har tashin zuciya, sai ya wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, saboda haka tare da maganin sakin ciki ake fara shi tun ranar farko. Na san mutanenmu na tsoronsa, wai maganin ƙarasa mutum ne ko zai zama ɗan ƙwaya, in likita ne ya auna ba haka ba ne. Kuma dan Allah ka duba ƙwayar kemis ɗin nan, in diclofenac ce ko ibuprofen ku tsaya sai kun tambayi likita, suna taɓa ƙoda suna ƙara zubar jini, shi kuwa da ma jini yake zubarwa. Tramadol na tasha kam kada ma a fara.

To amma ba mofin ne zai juyo da fuskarsa daga bango shi kaɗai ba. Akwai wata baturiyar Ingila Cicely Saunders, nas ce ta koma ta zama likita, ita ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali a Landan a 1967. Abin da ta koya wa duniya shi ne ciwon mai jinyar ƙarshe ba na jiki ba ne kawai, akwai na tunani da tsoro, akwai na iyali da abin da zai bari, akwai kuma na ruhi, wato mutum ya riƙa tambayar me rayuwata ta amfana, ina matsayina wurin Ubangijina. Ɗaya na hura wa ɗaya wuta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a bayaninta na 2002 kan wannan aikin ta sa damuwar ruhi a jerin abin da dole a kula da shi tare da ciwon jiki. A 2003 an buga wani bincike da aka yi a Niyok kan masu ciwon daji 160 da ake ganin saura musu ƙasa da wata uku, aka ga waɗanda ke da natsuwar ruhi sun fi nisa da yanke ƙauna da fatan mutuwa ta zo da wuri, har waɗanda baƙin ciki ya kama in suna da natsuwar nan bai cika kai su ga fatan mutuwa ba. Turawa da alƙalami suka auna abin da kakanninmu suka sani.

Batun faɗa masa kuwa, ni a aikina da wuya na ga dattijon da bai sani ba. Jikinsa ne fa. Yana ganin an fita da ku waje kun dawo ido ja. Abin da ɓoyon ke yi shi ne ya bar shi shi kaɗai da abin da ya sani, ku kuna yi masa wasan za a koma asibiti shi ma yana yi muku don kada ya tayar muku da hankali. Ban ce ka je ka sauke masa magana kamar buhu ba. Ka zauna kusa da shi lokacin da ba kowa, ka ce Baba kai ya kake ganin jikin nan, me ya fi damunka. Sai ka yi shiru, ko shirun ya yi tsawo kada ka cike shi. In ya ce bar wa Allah ya kau da kai, to ba ya so, ka ƙyale shi, haƙƙinsa ne. In ya tambaye ka kai tsaye kada ka yi masa ƙarya.

Kuma ina zargin robar fitsarin nan na da hannu a barin sallar, amma wannan fagen malamai ne.

Almajirin Gwandu:

Sista Allah ya saka da alheri, kin taɓo wurin. Ɗan'uwa, kafin ka yanke cewa imanin Baba ne ya yi rauni ka bincika wannan. Dattijanmu da suka tashi da karatun tsarki tun suna yara, ɗigon fitsari ɗaya a wando sai sun canza, to ka ɗauki irin wannan mutumin ka rataya masa jakar fitsari da jini dare da rana, a ransa shi najasa ne gaba ɗaya, kunyar tsayawa gaban Allah yake ji. Na ga haka ga wani malamina da kansa, mutumin da ya karantar da babin ga ɗaruruwa, da abin ya zo kansa sai da aka tuna masa.

Hukuncin mai sauƙi ne. A mazhabarmu ta Malikiyya mai yoyon fitsarin da ba ya yankewa, wannan fitsarin ba ya karya masa alwala, abin da ya taɓa jiki ko tufa ta dalilinsa kuma an yi masa rangwame. Sayyidina Umar da aka soke shi ya yi sallah jini na kwarara daga raunin, Imamu Malik ya kawo shi. In ruwa na wahalar da shi ko yana ƙara masa ciwo ya yi taimama, ku samo dutse mai tsabta ku aje masa kusa da matashi. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka, Bukhari ne. Ko nuni da kai ne ya wadatar. Ku gyara gadon ya fuskanci gabas tun yanzu don kada a riƙa jan sa kowane lokaci. Kuma ku gaya masa hadisin Abu Musa, bawa in ya yi ciwo ko tafiya ana rubuta masa irin abin da yake yi yana lafiya yana gida. Buɗe masallacin nan na asuba ana nan ana rubuta masa.

Maganar me na yi wa Allah, kada ka tsorata har ka je kana yi masa faɗa. Mutum ne ciwo ya ci ƙarfinsa cikin dare. Nishi ba rashin haƙuri ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya ce wayyo kaina, kuma ya ce zazzaɓinsa kamar na mutum biyu ne. Annabi Ayuba ya ce cuta ta shafe ni kuma kai ne mafi jinƙan masu jinƙai, Suratul Anbiya aya ta 83, Allah bai zarge shi ba, amsa masa ya yi. Ka cire masa zanen nan daga baki, ya yi nishinsa.

Ina da ƙorafi kan masu dubiyarmu, har da mu masu rawani. Kankarar zunubi gaskiya ce, hadisi ne ingantacce har ƙayar da ta soki mumini. Amma in mutum talatin suka maimaita wa mai ciwo kalmar zunubi a yini ɗaya, abin da kunnensa ke ɗauka shi ne ashe ni mai laifi ne ake hukuntawa. Mai lafiya ake tsoratarwa, wanda ya kwanta irin wannan kwanciyar rahama ake tuna masa. Jabir ya ce ya ji Annabi (SAW) kwana uku kafin rasuwarsa yana cewa kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. Ku riƙa lissafa masa alherinsa da suna, wane da ka ba irin shuka, marayun da ka riƙe, masallacin da ka share shekara kaza.

Addu'a biyu zan ba ka. Ya ɗora hannu inda ke ciwo ya ce Bismillah sau 3, sannan A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru sau 7. In kuma ya kai ga fatan mutuwa, abin da aka koyar shi ne Allahumma ahyini ma kanatil hayatu khairan li, wa tawaffani iza kanatil wafatu khairan li.

Ɓoye masa kuma ni ina ganin akwai tauye haƙƙi a ciki. Wataƙila akwai bashi, akwai ajiyar wani, akwai wasiyyar da yake son yi cikin sulusin dukiyarsa, akwai wanda yake son ya nemi yafiyarsa. Gonar ma tasa ce yana raye da hankalinsa, Yayanku ba shi da ikon sayarwa sai da izininsa.

Na Jega:

Ni dai gaskiya ban tare da ku. Likita ba Allah ba ne. Kawuna an ce mai wata uku ya yi shekara biyu har ya aurar da ɗiya. Ku je ku ce ma tsoho ciwonka ba ya warkewa ai kun kashe shi tun kwananshi ba su ƙare ba, tsoro na riga ciwo kashe mutum. Yayanka ya fi ka gaskiya kuma shi ne babba. Ku dage da habbatus sauda da zuma da zamzam da tofi, ba a yanke ƙauna da rahamar Allah. Wanga mofin da kuke faɗi ai sallamawa ce.

Hajiyar Yawuri:

Na Jega ɗana, da irin tunaninka na yi jinyar maigidana, bari in ba ka labari.

Ciwon hanta ne ya kama shi, daji, cikin ya kumbura idanu sunka yi ɗorawa. Ni da ƙannenshi munka haɗa baki munka ce shawara ce ta yi ƙarfi. Wata huɗu ina mai dariyar ƙarya in fita bayan ɗaki in yi kuka in wanke ido in dawo. Duk ya buɗe baki zai ce in na mutu, sai in ce haba Alhaji bar wannan magana, kai za ka rufe mu. Na ɗauka ƙarfafa mai gwiwa nake. Sai da ya kai ba ya gane mutane sosai sannan na gane magana yake son yi ni kuma na yi ta toshe mai baki. Bayan rasuwa munka samu takarda cikin aljihun rigar da ke rataye, ya fara rubuta basussuka ya kai na huɗu hannun ya kasa. Shekara shida ke nan har yau ban san ko akwai na biyar ba, duk azumi sai na fidda wani abu da niyyar in akwai.

Saboda haka ɗana Ɗan Kabawa, in ya fara irin wagga magana kada ka ce mai bar faɗin haka. Ka ce ina jin ka Baba.

Sai abin da jinya ta koya min wanda ba a faɗa. Ku rage masu dubiya, ku sa lokaci, bayan la'asar zuwa kusan magariba ya isa, kuma mai shiga ya gaida ya yi addu'a ya fito, ba a mai da ɗakin majalisa ana hirar siyasa da tsadar taki bisa kanshi ba. Dattijo mai mutunci ba ya son surukai da yaran unguwa su ga jakar fitsarinshi, ku ɗinka mata 'yar jaka ta yadi ku rufe. Ku sa turaren wuta, ku yi mai aski, ku sa mai hula da riga mai kyau ko ba inda za shi. Wanka da gyaran jiki ku 'ya'yanshi maza ku karɓa ma Innarku, ita ma tsohuwa ce kuma ita ba mai tambayar ta ya take. Abinci kada ku matsa, ni na yi ta faɗa da Alhaji kan tuwo ina ganin in ya ci zai tashi, ashe jikin ne ya bar karɓa. Cokali biyu na kunu ko farau-farau in ya so, in bai so ba a jiƙa mai leɓe da ruwa. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada baya da ƙugu su yi gyambo.

Kuma ku gaya ma Innarku. Shekara nawa suna tare, ku bar ta ita ma ta yi bankwana da ido buɗe.

Sista Mai Aikin Dare:

Na Jega, rabin maganarka na yarda da ita. Ba likitan da ya san rana, mu ma muna ganin wanda aka ɗebe wa rai ya daɗe, shi ya sa ban ce a ce wa Baba saura wata kaza ba. Zuma da zamzam da tofi ba wanda ya hana. Inda muka rabu shi ne sallamawa. A 2010 an buga wani bincike daga Boston ta Amurka kan mutum 151 masu dajin huhu da ya bazu, aka raba su biyu, rabi aka haɗa musu da masu paliyetib tun farko. Waɗannan suka fi jin daɗin kwanakinsu, baƙin ciki ya fi ƙaranci a cikinsu, kuma suka fi daɗewa, wata 11.6 a kan 8.9. Kuma ba sai ƙasar turawa ba, a Yuganda tun 1993 ake bin masu irin wannan ciwon har gida da mofin na ruwa, a 2004 ma suka ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi saboda ƙarancin likitoci a ƙauyuka.

Mai maganin da ya ce sammu ne bai ga hoto ba bai ga sakamako ba, gona ya gani. Ga wahalar hanya ga mai ciwon ƙashi, ƙashin da daji ya ci yana iya karyewa a ramin titi ɗaya.

Ɗiyar Zuru:

Sannu ɗan'uwa. Ni Kirista ce amma ciwon ɗaya ne. Mamata dajin mama ne ya ɗauke ta, ita ma akwai lokacin da ta ce a daina yi mata addu'ar warkewa, ta gaji da masu zuwa suna cewa in bangaskiyarki ta isa za ki tashi, kamar laifinta ne da ba ta tashi ba. Wani tsohon fasto ne ya gane, shi in ya zo ba ya wa'azi, zama yake ya karanta mata Zabura ta 23 da Hausa ya yi shiru. Matan zumunta kuma su zo su yi mata waƙoƙin da take so a hankali. Abin da ya fi kwantar mata da rai a ƙarshe shi ne da muka zauna aka faɗa a gabanta wa zai riƙe autarmu har ta gama makaranta. Ka duba ko Baba ma akwai wanda yake tunanin wa zai bar wa.

Ɗan Kabawa:

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana tara ban leƙo ba, ga abin da ya faru.

Na koma Sakkwato da katin, an rubuta mofin ɗin, sai da na kwana biyu kafin na samu amma na samu. Daren farko Baba ya yi barci tun bayan isha'i har kiran assalatu, Inna ta tashe ni cikin tsoro wai ba ta ji nishinshi ba.

Dare na uku na yi yadda Sista ta ce. Na ce Baba ya kake ganin jikin nan. Ya daɗe bai ce komi ba har na ɗauka barci ya koma, sannan ya ce, tun ranar da likita ya fita da ku kunka dawo Yayanka yana kallon silin na sani, ku nake tausayi. Wlh ni da na zo lallashi ni anka lallasa.

Malam, maganarka ce. Ya ce da wane jiki zai tsaya gaban Allah yana ɗauke da fitsari. Na karanta mai abin da ka rubuta daga waya, ya ce a kira mai limaminmu ya ji daga bakinshi, liman ya zo ya faɗi daidai da naka har da na Sayyidina Umar. Liman da kanshi ya fita ya ɗauko dutse ya wanke. Baba ya yi taimama ya yi azahar kwance yana hawaye.

Gona ya ce ko taƙi ba za a sayar ba. Yaya ya yi fushi da ni kwana biyu, ya ce na tsallake shi, kuma da gaskiyarshi ta wani gefen, na ba shi haƙuri gaban Inna. Shi ne ma ya riƙe biro da Baba ke faɗin basussuka, buhu uku na shinkafa na wani mutumin garin Gulma da kuɗin gyaran injin ban ruwa, an biya duka. Inna kuwa ashe ita ma ta sani, Hajiya.

Na Jega, zumar muna ba shi cikin kunu, yana so.

Saura abu biyu. Akwai ƙanenshi Baffanmu da sunka yi shekara goma sha ɗaya ba su magana kan iyakar gonar gado, Baba ya ce a kira shi, mun aika sau biyu. Sai kuma sallolin da ya bari, ya lissafa kwana 24, ya damu ƙwarai. Malam ya zai yi da su?

Almajirin Gwandu:

Alhamdulillah. Waɗanda ya bari yana cikin hankalinsa zai rama, a yadda yake iyawa yanzu, kwance da taimama da nuni, gwargwadon ƙarfinsa ba tare da ya galabaita ba. In akwai lokacin da ya suma ko hankali ya gushe har lokacin sallar ya fita, wannan babu ramako. Kada ku bari lissafin ya zame masa sabon tsoro, wanda ya kama hanyar biya ya riga ya tuba. Baffa kuma kada ku sake aika yaro, kai da Yayanku ku taka da ƙafarku, ku tafi da liman.

Ɗan Kabawa:

Mun je jiya Malam, mu uku. Baffa ya saurare mu bai ce zai zo ba bai ce ba zai zo ba. Da safen nan dai ya aiko jikanshi da kifi giwan ruwa guda, ya ce a yi ma yayanshi romo. Baba cokali uku ya sha, ya ce a ɗaga shi a kai shi zaure ya zauna ko da mutum zai shigo. Yana can yanzu da hularshi. Ramakon kuma Inna ce ke riƙe da lissafi, ta zuba ƙwallon dabino 120 cikin kwano, duk wadda ya yi ta cire ɗaya, da na fito saura 97.